Ni Na Biya Kuɗin Kallon Akuya

Sai a zuwana Guangzhou na huɗu na yarda cewa ban san garin ba. Na san Canaan, kasuwar tufafi, rumfa-rumfa, har na san benen da ake samun labule mai kauri da lungun masu zanin gado. Na san otel ɗinmu na titin Liuhua, da gidan abincin Musulmin China da ke bayansa inda muke cin taliyar da ake ja da hannu, da siton da ake ɗaure mana kaya. Daga nan sai filin jirgi. In mun koma gida a tambaye ni yaya China take, sai in ce akwai dogayen gine-gine, shi ke nan, don ta tagar mota kawai na gan su.

Abin ya fi yi mini ciwo saboda aikin da na baro. Shekara ashirin da biyu ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar 'yan mata a Kano. Kogin da ya ratsa Guangzhou na sha zana shi a allo da shuɗin alli, in sa yara su maimaita sunansa. Da na ajiye aiki na shiga sayar da labule, sai ga ni a garin har sau huɗu, ban taɓa ganin ruwan nan da idona ba.

Ƙanena ne ke jan ayarinmu, autanmu, wanda na goya har ya yi wayo. Ya riga ni shiga harkar da shekaru, ya yi kuɗi, ya yi tumbi, kowa Alhaji yake ce masa. Ni dai Auta nake kiransa, ko a gaban wa. A waccan tafiya masana'antar da ke ɗinka mana labule a Panyu, can gefen gari, ta makara. Lauban, wato mai masana'antar, ya buga waya ya ce sai bayan kwana huɗu. Auta ya tara mu a falon otel ya ce kowa ya huta, mai sauran kuɗi ya koma Canaan ya ƙara dubawa. Ni na gama sayayyata, komawa Canaan ba abin da zai ƙara mini sai ganin abin da ba zan saya ba.

A gefen ƙofar otel akwai wani ɗan tebur, wata mata mai tabarau tana sayar da tikitin jirgi da na yawon buɗe ido. Na sha wuce ta ban tsaya ba. Ran nan na tsaya. Ta miƙo mini wani ɗan littafi mai jan bango, shafi takwas, kowane shafi da hoton wuri ɗaya. Da ɗan Turancinta da yatsunta ta fahimtar da ni cewa biya ɗaya ake yi, a shiga wurare takwas cikin kwana uku, a kowace ƙofa su yage shafinsu. Shafi na ƙarshe hoton jirgin ruwa ne a kan kogi. Ban yi ciniki ba, ni da nake shafe awa guda ina ja-in-ja a kan yadi ɗaya. Kuɗinsa ya kai na labule saiti biyu. Na biya na juyo, sai ga Auta a bayana.

"Yaya, me kika saya?"

"Takardar shiga wurare."

Ya karɓa ya juya shafukan yana taɓe baki. "Mu da muka zo nema, ke kuma kin zo zubarwa. Wannan ai na Turawa ne masu gajeren wando. In kika ɓata fa? Ba kya jin yarensu."

"Kai kana ji? Ban da meyo da sheshe, me ka iya?"

Meyo shi ne babu, sheshe kuma na gode. Duk ɗan kasuwarmu ya iya su, da yawa kuma nan iliminsu ya tsaya. Auta ya ce ba zai ji daɗi ba a ce yayarsa tana yawo ita kaɗai a garin da ba a san mutuncinta ba. Na ce mutuncina da shi nake tafiya, ba a ɗakin otel nake barinsa ba. Na karɓi littafina na hau sama.

Ɗakinmu ɗaya da wata Hajiya 'yar Maraɗi mai sarin takalma, babbar mace mai ciwon gwiwa, wadda ta girme ni da kusan shekara goma. Tana kwance ta ɗora ƙafa kan matashi na nuna mata. Ta dubi hotunan ta ce, "Malama, mi za ki gano can wanda babu ga tele?" Na ce zan dawo in faɗa mata.

Da safe na ɗauki katin otel mai adireshi da rubutunsu, da lema, da ruwa, da dabino, da 'yar ƙaramar sallaya. Wuri na farko babban lambu ne da ba shi da nisa da mu, da ƙafa na je. A bakin ƙofa na ga allon farashi, sai ga shi kuɗin shiga bai kai na kwanon taliya ba. Mai ƙofa ta yage shafina, na shiga ina jin haushi.

Haushin bai daɗe ba. Ban taɓa sanin akwai irin wannan inuwa a garin da nake zaton duk siminti ne ba. Tsofaffi sun cika wurin, wasu suna motsa jiki a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa, wasu mata sa'o'ina suna rawa da mafitai. Wani dattijo yana rubutu a ƙasa da dogon burushi da ruwa zalla, kafin ya kai ƙarshen layi farkon ya bushe, bai damu ba. Kallo kam na sha shi. Wasu su tsaya cak su bi ni da ido daga hijabi har takalmi. Wanda ya ƙura mini ido sai in ƙura masa nawa in ce nihau, gaisuwarsu. Mafi yawa dariya suke yi su amsa. A kan wani tudu na tarar da abin da ke hoton shafin, awaki biyar na dutse, babbar tana riƙe da zangarniyar shinkafa a baki. Na karanta allon Turanci da ke gefe. A tatsuniyarsu, awakin nan ne suka kawo wa garin shinkafa a wata shekarar yunwa, shi ya sa har yau suke yi masa laƙabi da garin awaki.

Da so samu ne a lambun zan wuni. Amma littafin yana cikin jakata kamar mai gadin jarrabawa, yana tuna mini saura bakwai. Na tashi da sauri na nufi gidan tarihi, inda aka ajiye kayan kabarin wani sarkinsu na da, har da rigar da aka binne shi da ita, ta ƙananan koren duwatsu da aka ɗinke da jan zare. Na so in daɗe ina duba ɗinkin, ni da ɗinki ya zama sana'ata, amma ina kallo ina duba agogo. Daga nan na nemi wuri na uku. A hanyarsa ne na fara shiga metiro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, bayan na tsaya kusan minti goma a gefe ina kallon yadda mutane ke sayen tikiti a na'ura. Da na isa sai na tarar gidan bautarsu ne. Hayaƙin turare ya tare ƙofa, mutane suna rusunawa gaban mutum-mutumi. Ban raina su ba, amma ƙafata ta ƙi shiga. Na juya da shafin a hannuna ba a yage ba. Azahar da la'asar a wani ɗan lungu mai bishiyoyi na haɗa su, ƙafafuna sun kumbura kamar burodi.

A gidan taliya da yamma Auta ya zauna da abokansa Alhazai uku, yana jirana.

"To, Yaya, me aka gano?"

Na ce na ga awaki biyar na dutse. Wani daga cikinsu sai da ruwa ya sarƙe shi don dariya. Auta ya share hawaye ya ce, "Haba Yaya, da kin faɗa mini, da in mun koma na kai ki kasuwar Wudil ranar Juma'a. Kyauta, masu rai ma, har ki taɓa."

Na bar su suka gama. Sannan na ce, "Shekara nawa kana zuwa garin nan? Me ya sa suka sassaƙa awakin?"

Ya ce shi ina ruwansa.

"To ni da ruwana. Ni na biya, ni na gani, gobe ma zan fita."

Washegari ina ɗaura takalmi sai na ga Hajiyar Maraɗi tana yafa mayafi. Ta ce bangon ɗakin ya ishe ta, za ta bi ni, amma ba za ta sayi littafi ba, duk inda ya yi mata ta biya a ƙofa. Muka ɗauki tasi zuwa dutsen da ke arewacin gari. A shafina akwai hoton wasu akwatuna masu taga, rataye a waya, suna hawa da mutane har ƙololuwa. Hajiya na ganinsu ta sa musu suna lilo.

A ƙofar shiga aka yage shafina ba gardama. A tagar lilon ne mai tikiti ta dubi guntun da ya rage, mai hoton, ta ce, "Meyo." Na nuna mata hoton. Ta sake cewa meyo. Na sa yatsa a kan akwatin da ke hoton na ɗaga murya, irin muryar da nake tsayar da aji mai yara saba'in, na yi mata bayani da Turanci, da ya ƙare na ci gaba da Hausa. Layi ya taru a bayana, ban matsa ba. Wata tsohuwa mai farin gashi da ke layin, wadda ta iya Turanci, ta karɓi littafin ta karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. Ta ce mini a hankali, shiga kawai littafin ya biya, lilo kuɗinsa daban, hoton ado ne.

Hajiya ta riga ta sayi nata. "Malama, ki biya mu tahi. Kuɗin ba su da yawa."

Na ce ba zan biya sau biyu a dutse ɗaya ba. Waɗanda suka buga hoton ƙarya ba za su sa in sake buɗe jaka ba, da ƙafa zan hau. Ta ce ai ba su ne a taga ba, ba za su ma san na yi fushi ba. Na ce ni na sani. Ta girgiza kai ta shiga lilonta, ina kallo ta yi sama tana ɗago mini hannu.

Matakalar nan ba ta ƙarewa. Zafin garin mai ɗanshi ne, kafin in yi kwata hijabina ya manne mini a baya. Tsofaffin da suka haife ni suna wuce ni, wani ma da baya-baya yake hawa yana tafa hannu. In na zauna hutawa sai su ɗaga mini babban yatsa su faɗi abin da ban gane ba. Wata ta tsaya ta ɓare lemo ta ba ni rabi, ta zauna kusa da ni muka cinye, sannan ta ja hannuna muka ci gaba tare har wani zango. Na fi awa ɗaya da rabi kafin in kai. Da na kai kuma, hayaƙi da tururi sun rufe garin, sai kawunan dogayen benaye nake hangowa sama-sama.

Hajiya tana zaune a benci cikin inuwa, ta cire takalmi tana cin gyaɗa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"To, wa kika hora?"

Sai da na sha ruwa tukuna. Na ce kaina. Muka yi dariya har mutane suna waiwayenmu. Da za mu sauko na je taga da kaina na sayi tikitin lilo. A cikin akwatin, muna shawagi a kan bishiyoyi, Hajiya ta ce ita a ƙofa ta biya komai, kuma ko ta bi ni duk wuraren da na shiga, abin da za ta kashe ba zai kai rabin nawa ba. Na ce gaskiya ne. Ta ce to? Na ce to da ban sayi littafin ba, da yanzu mu biyu muna kwance muna kallon silin. Ba ta musa ba.

Har yau in mata suka tambaye ni ko irin wannan takarda tana biyan kuɗinta, ba na yi musu ƙarya. Shafi takwas na saya, huɗu na yi amfani da su. Ɗaya na ƙi shiga, uku ko hanyarsu ban nema ba, don ƙafar mutum ba ta zaga wurare takwas a kwana uku ya kuma ga wani abu. Wadda ta san inda take so ta je, ta je ta biya a ƙofa, ta zauna iya son ranta. Ni a lokacin ban san ko'ina ba, kuma na san halina, da na ce gobe zan fita ba tare da na biya komai ba, Auta zai yi magana biyu in haƙura. Da na riga na biya, ba mai iya zaunar da ni. Wannan ne abin da na saya, kuma ban yarda asara na yi ba.

A rana ta uku saura shafin da na fi so, na jirgin ruwa. Ina shirin fita aka ƙwanƙwasa ƙofa. Auta ne, da waya a hannu. Lauban ya kira, kaya sun kammala kwana ɗaya kafin lokaci, mota za ta zo ƙarfe tara ta kai mu Panyu mu duba.

Na ce su tafi, zan same su bayan azahar.

"Ki same mu? Ta ina? Yaya, Panyu ba bayan otel ba ne."

"Ina da katin lauban. Metiro yana zuwa can."

"To ba ni takardar odarki in duba miki."

"Kayana ni zan duba."

Ya sassauta murya, don Hajiya tana ji. "Don Allah kar ki kunyata ni a gaban mutane. A ce kin bar kayanki kin tafi hawa kwalekwale? Motar ba za ta jira ba."

"Kar ta jira. Labulen nan ko la'asar na je zan same su. Takardar nan yau take ƙarewa, jibi kuma mu bar garin."

Ya tsaya yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Na ratsa ta gefensa na wuce. Sai da na shiga lif na tuna ban taɓa saɓa masa a harkar kasuwa ba, kuma ban tabbata zan iya kai kaina Panyu ba.

Jirgin ruwan bai cika ba, rana ce ta aiki. Na hau bene na sama na tsaya a bakin ƙarfe. Ruwan ba shuɗi ba ne. Ruwan ƙasa ne mai duhu, kamar kunun da aka dama da yawa, yana ɗauke da ganye da robobi. Manyan jirage masu lodin yashi suna wucewa a hankali, sun nutse har kusan baki, a kan ɗaya na ga mace tana shanya wanki. Muka bi ta ƙarƙashin gada, muka wuce tsofaffin gidaje irin na Turawa, da sababbin benaye da ba a gama ba. Faɗinsa ya fi yadda na zata nesa ba kusa ba. Na tuna yaran da na sa suka haddace sunan kogin nan alhali ni ma a littafi na gan shi, wasunsu yanzu da 'ya'yansu. Na so a ce ko ɗaya tana kusa in ce mata na yi kuskuren alli. Ban ɗauki hoto ba, ba ni da kyamara. Na tsaya a wurin har aka dawo da mu gaɓa.

Na yi azahar a otel, na gangara tashar metiro da katin lauban a hannu. Sai an canja jirgi a hanya, a nan na yi kuskure na shiga mai komawa baya. Tasha biyu na gane, na sauka, na tsallaka ɗaya ɓangaren, ban tambayi kowa ba, taswirar bango na bi da yatsa. Taswira dai ita ce aikina. A Panyu na tari tasi na nuna katin, kafin ƙarfe uku ina ƙofar masana'anta.

Auta yana zaune a kan dila a bakin siton masana'antar, shi kaɗai. Sauran sun gama sun koma da motar, shi ya ƙi bin su. Da ya hango ni ya miƙe, ya dubi bayana ko akwai wanda ya rako ni. Na gaisa da lauban na sa aka kwance kayana. A dila ta uku na tarar an rage tsayin labule da kusan taƙi guda. Na ciro awona na gwada a gabansa, na nuna masa takardar oda. Ya sosa ƙeya ya ce gobe da safe za a kawo mini sababbi har siton da ake ɗaure mana kaya. Na ce sheshe.

Da muka fito Auta ya fara neman tasi da zai kai mu har Liuhua. Direban farko ya faɗi kuɗin da ya sa Auta ja da baya. Na ce ya biyo ni. Muka ɗauki tasi zuwa tasha kawai, muka sauka ƙasa. A gaban na'ura ya tsaya ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa yana kallon rubutun. Na danna tasharmu, na sa kuɗi, 'yan ƙwandalolin roba biyu suka faɗo, na ba shi ɗaya. Ya juya ta gaba da baya.

"Wannan ce tikitin?"

"Ita ce. Ɗora ta a nan, ƙofar za ta buɗe. Kar ka yar, sai da ita za ka fita."

Ya ɗora, ƙofar ta buɗe, ya tattare rigarsa ya wuce da sauri kamar za ta kama shi. A ɗaya gefen ya tsaya yana jirana.

"Yanzu ina muka nufa, Yaya? Hagu ko dama?"

"Dama," na ce. "Ka riƙe ƙarfen matakalar, da kanta take tafiya."